Lacca: Yadda Ake Zaɓa wa Yaro Mujallar da Ta Dace da Shi

Assalamu alaikum. Iyaye da malamai, barkanku da zuwa. Bari mu fara da bangon mujalla, tunda nan yawancinmu muke tsayawa. Mutum ya ga an rubuta "shekara 6 zuwa 9", sai ya ɗauka ya biya. To, wannan lamba kintace ne na mawallafi. Bai san ɗanka ba, bai taɓa jin karatunsa ba.

Ba wai a yi watsi da ita ba. Gidajen wallafa sun jera mujallunsu ne kamar matakalar tsani. Kamfanin Cricket na Amurka yana da Babybug ta 'yan ƙasa da shekara 3, da Ladybug daga 3 zuwa 6, da Spider daga 6 zuwa 9, sai Cricket ɗin kanta, wadda ta fara fitowa a 1973, daga 9 zuwa 14. Highlights kuwa tun 1946 take fitowa, don 'yan shekara 6 zuwa 12. Lambar tana nuna maka matakalar da za ka fara gwadawa ne kawai.

Ƙasa da shekara 3, takarda ake dubawa kafin rubutu, domin da baki yaron zai fara karanta ta. A nemi mai kauri, marar kusurwa mai tsini, wadda ba a ɗinke da waya ba. Idan an manna ɗan abin wasa a bango, a cire, yana iya shaƙe shi. Daga 3 zuwa 6 kuma kai ne mai karantawa, shi yana saurare, kuma kunnen yaro ya riga idonsa nisa. Saboda haka kalmomi masu ɗan nauyi ba laifi, muddin hoton babba ne, layukan kaɗan ne, kuma akwai maimaici da 'yar waƙa da zai kama.

Inda aka fi yin kuskure shi ne daga 6 zuwa 9, lokacin da yaro ya fara karatu da kansa. 'Yan aji ɗaya ma, wani yana gudu, wani yana haɗa baƙi. Ga gwajin da malamai suke yi: buɗe shafi a tsakiya, ba na farko ba, ka ce ya karanta a bayyane. Duk kalmar da ta gagare shi, ya ɗaga yatsa ɗaya. Yatsa biyu ko uku, mujallar daidai take. Idan biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, ta yi masa nauyi, sai dai ku karanta tare. Dalilin kuwa, ƙoƙarin furta kalma yana cinye hankalinsa, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Bayan ya gama, ka ce ya ba ka labarin da bakinsa, don akwai mai furtawa sarai alhali bai fahimci komai ba.

Sai batun harshe, wanda ake yawan mantawa. Shekarun bango na yaron da aka haifa cikin harshen mujallar ne. Idan harshen makaranta ne ga ɗanka, sauko da matakala ɗaya. Amma a lura, ɗan shekara 10 yana jin kunyar riƙe abin da ya ga na ƙanana ne. Maganin wannan shi ne mujallar dabbobi ko kimiyya mai hotunan gaske, irin Ranger Rick ko National Geographic Kids, inda bayanin ƙarƙashin hoto gajere ne, kuma batun bai raina shi ba.

Daga shekara 9, sha'awa ta fi shekaru ƙarfi. Kada ka tambaye shi me yake so, zai faɗi abin da zai faranta maka. Kalli abin da yake yi idan babu mai sa shi: kwance rediyo, zane, ƙwallo, bin ƙwari. Yaron da ya damu da jirage zai jure wa rubutu mai wuya a kansu. Kuma don Allah a daina raina labaran zane, karatu ne su ma. Haka yarinya mai son injuna, a ba ta mujallar injuna.

Kafin ka miƙa, karanta fitowa ɗaya daga bango zuwa bango, ka ga ko ta dace da tarbiyyar gidanka. Ƙirga shafukan talla, musamman wanda aka yi wa kamannin labari ko wasa, domin ƙaramin yaro ba ya gane ana son sayar masa da abu ne.

Kada a biya kuɗin shekara tun farko. Sayi fitowa ɗaya ko biyu, ajiye inda hannunsa zai kai, ka yi shiru. Bayan mako guda ka duba. Idan ta yamutse, an cike wasannin ƙwaƙwalwa, to sai a biya. Idan tana nan sabuwa fil, canza batu ko matakala. Gidan da yara biyu suke raba ɗaya kuwa, a sa su cike wasannin da fensir, in ba haka ba babban zai gama su da biro kafin ƙaramin ya taɓa.