Baƙin Zane a Kan Azurfa: Battar Tabar Rasha ta Ƙarni na 18

Ku dubi murfin wannan batta da kyau. Baƙin zanen nan da kuke gani ba fenti ba ne, narka shi aka yi cikin jikin azurfar. Rashawa suna ce masa "cern", kuma garin da ya yi suna a kansa shi ne Beliki Ustiyug, can arewacin ƙasar. A nan ne wasu 'yan uwa na gidan Popov suka buɗe masana'anta a 1761.

Lokacin, shaƙar garin taba ta zama yayi a fada. Sarauniya Katarina ta Biyu, wadda ta yi mulki daga 1762 zuwa 1796, takan ba jakadu da fadawa batta kyauta, darajar battarka gwargwadon matsayinka.

To, yaya ake yin wannan baƙin zanen? Maƙeri zai fara sassaƙa zanen da ƙaramin kurfi, hoton gari ko na masu yawo a lambu. Sai ya narka azurfa da jan ƙarfe da darma, ya zuba farar wuta mai yawa. Wani tsohon ma'auni na Turai ya ce kashi 1 na azurfa, 2 na jan ƙarfe, 3 na darma, amma maƙeran Ustiyug ɓoye nasu suke yi. In haɗin ya huce a daka shi, a wanke, a kwaɓa da ruwan boraks (wani farin gishirin ma'adini), a cusa cikin ramukan, a ɗora a wuta.

Nan ne aiki yake ɓaci. Wuta ta yi yawa, darma ta ci azurfar ta bar tabo. Ta yi kaɗan, baƙin ya ƙi kamawa. Ko maiƙon yatsa ya rage a cikin rami, daga baya wurin zai ɓamɓare. Ƙananan hudojin da ake gani a wasu battocin kuwa, iska ce ta maƙale. Bayan wuta sai goga da magagari, sannan gawayi, har azurfa ta fito fes. Ruwan zinaren gefe da zaiba ake yinsa a lokacin, hayaƙinta guba ne.

Yanzu ku juya ƙasan battar. In kun ga 84, azurfa ce kashi 84 cikin 96, wato 875 cikin 1000. Kusa da shi akwai hatimin gari, da shekara, da haruffan sunan maƙerin.