Katin gayyata ya iso: me ake zuwa yi a liyafar karrama 'yan kasuwa?

[Hoto: kati a kan teburin shago, kusa da sikeli]

Ga katin nan a hannunka. Takarda mai kauri, rubutu mai ruwan zinariya, Faransanci daga sama har ƙasa. Yaron shago ya karanta maka: daren Asabar, ƙarfe bakwai, a babban ɗakin taro na wani otal a nan Garwa, arewacin Kamaru, za a karrama 'yan kasuwa, za a ci abinci. Kai kuwa ka juya katin, ka ce a ranka, ni da nake fama da buhunan albasa, me ya haɗa kifi da kaska?

Kada ka jefa shi cikin durowa tukuna, Alhaji. Bari mu duba shi tare.

Fara da ƙasan katin, inda aka jera tambura. Nan ne za ka san wa ya shirya, wa kuma ya zuba kuɗi. Irin wannan taro yana cin kuɗi sosai, kuma hanyoyin samun kuɗin sanannu ne: kamfanonin waya, bankuna da 'yan inshora su ɗauki nauyi don a ga sunansu, sannan a sayar da tebura ga masu son zuwa. Wannan ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Inda za ka buɗe ido shi ne idan aka bugo maka waya aka ce ka yi nasara, kai ne gwarzon shekara, amma sai ka fara turo kuɗin kofin ta waya, ta Orange Money. Tambayi mai kiran, su wa suka yi alƙalanci, da me suka auna, wa ya karɓa bara. Idan ya fara kame-kame, ka riga ka samu amsa. In kuma ka ga tambarin wata hukuma da ka sani, misali majalisar 'yan kasuwa ta CCIMA, wadda hedkwatarta ke Duwala kuma take da ofis a jiharmu, to taka da ƙafarka ka je ka tambaya ko da saninsu. Tambari ba wuyar bugawa gare shi ba.

[Hoto: ɗakin taro, kujeru babu kowa]

Sun ce ƙarfe bakwai. Ranar da na fara zuwa irin wannan liyafa na ɗauki maganar da gaske, bakwai saura na isa, na tarar ana ta jan wayoyin lasifika, ni kaɗai da masu jera cokula. Ba a fara komai ba sai da babban baƙo ya iso, wajen tara da rabi. Ga babbar riga mai sitaci, ga zafin Afrilu na Garwa wanda yake haura digiri 40 da rana kuma dare ba ya huce shi da wuri. Saboda haka yi sallarka ta Isha'i kafin ka shiga, ka ɗan sa wani abu a ciki, don abincin sai bayan jawabai. Jawaban nan kuma, kowane mai magana sai ya bi manya ɗaya bayan ɗaya, daga gwamna zuwa firefe, wato shugaban gunduma, zuwa magajin gari, zuwa lamiɗo, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi.

Amma wannan jiran da nake ƙorafi a kai, daga baya na gane shi ne lokacin da ya fi daraja a daren. Mutane suna tsaye, ba kiɗa, ba wanda ya makale a kujera. Da zarar an fara shiri, sai wanda ke damanka da wanda ke hagunka.

Dubi ɗakin da kyau, za ka ga kasuwa biyu ce aka haɗa a rufi ɗaya. Ga mutanen takarda: ma'aikacin banki, jami'in haraji, mai sayen kaya na wata ƙungiyar agaji, wani daga kamfanin auduga na Sodecoton, wanda hedkwatarsa ke nan Garwa tun 1974. Ga kuma mutanen amana, wato mu: masu albasa, masu shanu, masu gyaɗa da dawa, masu fatun Marwa, masu manyan motoci. Mu a wajenmu, ana ba da kaya bashi ne idan wani ya ce ya san ka, ya san ubanka. Su kuwa sai sun ga lamba da hatimi. Duk shekara muna wuce juna a titi, su a ofis, mu a rumfa. Irin wannan dare ne kaɗai za ka ga manajan da sai ka yi layi kafin ka gan shi yana miƙo maka kwandon burodi.

Harshe ma haka. A lasifika Faransanci ne. A tebur kuwa Fillanci ne ke yawo, Hausa na ratsawa, baƙin Kusiri da Njamena na Larabcinsu. Kada rashin Faransanci ya sa ka kame bakinka. Yi sallama, ka gaisa da Fillanci, sau da yawa mutumin da ka ga ya sha kwat da wuya a ɗaure zai amsa maka da wanda ya fi naka.

[Hoto: tebur na ƙarshe, kusa da ƙofar kicin]

A waccan liyafar an ajiye ni a teburin can baya, inda masu rabon abinci ke gogar kafaɗata duk fitowa. Raina ya ɓaci. Hankalina duka yana teburin gaba, ina lissafin yadda zan kutsa in ɗauki hoto da babban baƙo. Na kutsa kuwa, na samu hoton, yana nan a wayata har yau, bai taɓa sayar mini da albasa ko ɗaya ba. Da na dawo kujerata ina haki, wata Hajiya da ke hagu da ni, wadda tun farko ko gaisuwar kirki ban yi mata ba, ta ce, "Alhaji, an samu hoton?" Kunya ta kama ni. Na ce, "An samu, Hajiya. Ina gajiya, ina iyali?" Hira ta fara. Ashe a Ngaundere take, aikinta fitar da kaya da takardun kwastan.

Wanda bai san hanyar nan ba, ga abin da ya sa wannan magana ke da nauyi. Layin dogo da ya taso daga Duwala ya bi ta Yawunde, a Ngaundere ya tsaya. Daga nan kaya sai mota: a sauko gangaren dutsen nan mai ban tsoro, a ƙetare Binuwai a Garwa, a wuce Marwa, a kai Kusiri, a hau gadar Ngeli a shiga Njamena. Chadi ba ta da teku, kaso mai yawa na kayanta ta wannan hanya yake bi. Motocin da suka haura arewa da kaya kuma ba sa son komawa kudu wayam. Mutumin da ya san wace mota ce za ta juyo babu lodi, kuma yaushe, shi ne ya san inda mai albasa zai samu haya da rangwame. Ina zaune kusa da wannan ilimi awa biyu, ina kallon teburin gaba.

To idan hira ta buɗe, me za ka ce? Nan tarbiyyarmu take ɗan ja mana baya. An koya mana kada ka kawo buƙata a haɗuwar farko, a yi gaisuwa, a tambayi gida, a tambayi hanya. Yi gaisuwar, kada ka yanke ta, ita ce darajarka. Sai dai kiɗa na tashi, mai lasifika na kiran suna, ba ka da zaman shayi na awa guda. Ka tanadi magana gajera tun daga gida: abin da kake sayarwa, daga ina kake ɗaukowa, ina kake kaiwa, nawa kake iya haɗawa a wata. Daga nan ka juya tambayar, "Kai fa, ranka ya daɗe, me ke ba ka wahala a aikinka?" Ka yi shiru ka saurara. Batun rance kuwa, bar shi a aljihu. Ma'aikacin banki ya zo cin abinci ne, kuma duk wanda ya tare shi a daren abu ɗaya yake roƙo.

Shi dai zai iya jefo maka tambaya ɗaya: kana da rajista? Abin da yake nufi shi ne rajistar kasuwanci da ake kira RCCM, da lambar mai biyan haraji, NIU. Rajistar tana ƙarƙashin dokokin OHADA, yarjejeniyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka da aka sa wa hannu a 1993, ƙasashe 17 ke bin ta, Kamaru da Chadi duk suna ciki. Shi ya sa takardarka ta Garwa ba baƙuwa ba ce a idon ɗan kasuwar Njamena. Kuɗinmu ma ɗaya ne da nasu, sefar ƙasashe shida na CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, sefar da aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya. Baƙon da ya zo daga Yola kuwa, in magana ta kai ga farashi, ku tsayar tun a wurin, da naira ne ko da sefa, domin naira tana motsi. Na Nijar ma sefarsa daban ce, darajarsu ɗaya amma takardar ba ta shiga kasuwarmu.

[Hoto: kofuna a kan tebur]

Wani abu da ke sa wasu daga cikinmu ƙin zuwa, shi ne kwalaben da ake jerawa. Kife kofin da ke gabanka, ka ce a kawo maka ruwa ko folere, zoɓon nan namu, ba wanda zai kalle ka. In an ce a ɗaga kofi, ɗaga na ruwanka. Mace ta miƙo hannu, ko ke Hajiya namiji ya miƙo miki, kuma ba kwa son musabaha, sa hannu a ƙirji da fara'a, a arewacin nan kowa ya san ma'anarsa. Nama in kana shakka, tambayi mai rabo a hankali, ko ka ɗauki kifi, karfasan Binuwai ba ya buƙatar fatawa.

Katin suna da aka ba ka, kada ka tura aljihu ba ka duba ba. In ba kati, ku yi musayar lamba nan take, ka lura ko 237 ce ta Kamaru ko 235 ta Chadi. Ka ajiye sunan da abin da zai tuna maka, "Hajiya kwastan Ngaundere" ya fi "Hajiya 4" amfani. Kafin kwana biyu su wuce ka aika gaisuwa ta WhatsApp, da murya in rubutu na ba ka wuya, ka ambaci teburin da abin da kuka tattauna. Sannan ka koma ga hanyar iyayenmu: ka bincika. Kwat da kati ba shaida ba ne. Tambayi direbobi a tasha, tambayi wanda ya taɓa hulɗa da shi, in za a fara ciniki a fara da kaɗan.

Ni haka na yi da Hajiyar. Na tambaya a tashar manyan motoci, mutum uku suka ce sun san ta. Na aika mata ƙunshin kilishi ta hannun wani direba, ta aiko da godiya. Aka yi wata guda shiru, har na cire rai. Wata Laraba bayan La'asar waya ta yi ƙara, ta ce, "Alhaji, akwai mota za ta taso daga Kusiri jibi babu kaya. Buhu nawa gare ka a ƙasa?"