Es-kiyu-el ko Sikwel: Inda Wasulan Suka Tafi

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kallo. Haruffa uku ne kuke gani a allon nan, S da Q da L, sunan harshen kwamfuta da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, kuma a kansu ne matasanmu masu koyon rubuta manhaja a nan Kumasi suka shafe kusan mako biyu suna musu kan yadda ake faɗar su, daga Aboabo har Asawase. Mafarin zancen shi ne wani ɗalibina da ya je ganawar neman aiki a wani kamfani a Adum, aka tambaye shi ko ya iya "sikwel", ya ce bai taɓa jin sa ba, alhali ya yi wata shida yana rubuta SQL kowane dare a tsohuwar kwamfutar yayansa. Da ya dawo sai ya ce mini: "Malam, wallahi shi na fi iyawa, amma ban gane shi aka kira ba." Maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta sa na zauna na haɗa wannan bidiyo.

Taƙaitaccen suna hanya biyu ake faɗar sa, kuma dukkanmu muna bin hanyoyin biyu ba tare da mun lura ba. Idan wuta ta ɗauke, kamfanin lantarki na Ghana, ECG, "i-si-ji" muke ce masa, harafi bayan harafi, amma dattijon da ya je karɓar kuɗin fansho a hukumar SSNIT "sinit" yake cewa, ɗan makaranta kuma yana jiran sakamakon jarrabawar WAEC, wato "wayek". Yaran mota a tashar Kejetia ba su ma damu da haruffan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, ba, "Tek" kawai suke kira. Haka abin yake a wurin masu rubuta manhaja: HTML da CSS da API ana lissafo haruffansu ɗaya bayan ɗaya, RAM da JSON kuwa ana faɗar su kamar kalma, "ram" da "jesin". Yawanci idan akwai wasali a inda harshe zai iya hutawa a kansa, sai sunan ya zama kalma, idan kuma babu, sai a bi haruffa.

To, a nan ne SQL yake rikita mutane, domin babu wasali ko ɗaya a cikinsa, amma ga ƙwararru suna cewa "sikwel". Duk wanda ya yi makarantar allo ya san babbaƙu, inda yaro ke koyon baƙaƙe zalla, kafin ya shiga farfaru a ɗora musu wasali. Da yawa daga cikin masu musun nan sun ɗauka abin da ya faru ke nan, wato wasu ne suka ga baƙaƙe uku suka cusa musu wasula don sauƙin baki, ko don su yi kama da Amurkawa. Saboda haka suke ganin "sikwel" ƙari ne ko iyayi. Gaskiyar lamarin ita ce akasin haka, kuma ina roƙon ku ku kalli allon da kyau a nan.

A shekarar 1970 wani masani a kamfanin IBM mai suna Edgar Codd ya fito da tsarin ajiye bayanai a jadawali masu alaƙa da juna. Bayan haka wasu ma'aikatan kamfanin biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka ƙirƙiro harshen da za a riƙa yi wa irin wannan rumbun bayanai tambaya da shi, kuma a 1974 suka wallafa shi da suna mai haruffa shida, SEQUEL. Ga shi nan a rubuce. Harafin E na farko yana wakiltar sunan harshen Ingilishi ne, domin burinsu shi ne umarnin ya yi kama da jimlar da mutum zai iya karantawa ya fahimta, kuma sunan gaba ɗaya kalma ce da ake da ita a Ingilishi, mai nufin abin da ya biyo bayan wani. Daga baya aka gano cewa wani kamfanin ƙera jiragen sama na Ingila, Hawker Siddeley, ya riga ya mallaki wannan suna a matsayin alamar kasuwanci. Sai aka cire wasula uku. Ku duba yadda suke ficewa: E ya tafi, U ya tafi, E na biyu ya tafi, saura S da Q da L.

Ke nan ba a taɓa cusa wa sunan wasula ba, cire masa aka yi a rubuce, bakin mutanen da suka saba da shi kuwa ya ci gaba da faɗar tsohon sunan. Da ya shiga kasuwa ta hannun kamfanin da yanzu ake kira Oracle a 1979, furucin ya bi shi, kuma har yau masu aiki da SQL Server na Microsoft galibi "sikwel saba" suke cewa. A ɗaya ɓangaren, hukumar tsara ƙa'idoji ta Amurka ta amince da harshen a 1986 da haruffa uku, kuma harafi-harafi ta ɗauka a matsayin furucinsa. Wanda ya ce "es-kiyu-el" yana da ƙa'ida a bayansa, wanda ya ce "sikwel" kuma yana da tarihi a bayansa, don haka babu ɗayansu da ya cancanci a yi masa dariya.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne sunayen manhajojin da aka gina a kan harshen, domin kowace tana da masu ita. Masu MySQL sun rubuta a littafin jagorarsu cewa "mai es-kiyu-el" ne furucinsu, amma sun ƙara da cewa ba su damu ba idan mutum ya faɗe shi ta ɗaya hanyar ko yadda harshen garinsu ya ba shi, kuma wannan sauƙin hali yana burge ni. Kalmar My da ke gaba ma sunan 'yar Michael Widenius ne, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire ta. PostgreSQL kuwa yawancin masu amfani da ita "Fosgires" kawai suke cewa su huta.

Idan kun riƙe wannan, sauran ba za su ba ku wuya ba. Nginx, manhajar uwar garke da Igor Sysoev na Rasha ya fitar a 2004, "enjin eks" ake cewa. Harshen rubuta manhaja na C# ana ce masa "si shaf", domin alamar daga rubutun kiɗa aka aro ta. Tsarin manhajoji na GNU na Richard Stallman ana fito da G ɗinsa sarai, "ginu". LaTeX, tsarin tsara rubutu, yana ƙarewa da sauti mai kama da "k", domin harafin ƙarshe na Girkanci ne. Linus Torvalds har muryarsa ya naɗa don a ji yadda yake faɗar Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta da shi ya fara ƙirƙira.

GIF, wani nau'in fayil ɗin hoto, shi ne kawai zan ɗan tsaya a kansa. Steve Wilhite, wanda ya ƙirƙire shi a kamfanin CompuServe a 1987, ya bayyana a 2013 cewa "jif" ne, amma jama'a da yawa suka ƙi, suna cewa G ɗin daga kalmar "graphics" da ke farawa da sautin "g" ya fito. Hujjar tasu ba ta da ƙarfi, domin P na JPEG, wani nau'in fayil ɗin hoton, daga kalmar "photographic" da ke farawa da sautin "f" ya fito, kuma ba sa faɗar sa haka. Bahaushen da ya ce "jefeg" ya ma fi su kusa da asalin kalmar. Ni dai "gif" nake cewa, saboda shi ne waɗanda nake aiki da su suke ganewa nan take.

Damuwata ta gaske ba ta kan lafazi ba ce, domin harshenmu yana sa wasali tsakanin baƙaƙe tun daga "burodi" har "sukurudireba", kuma babu aibi a ciki. Abin da ke cutar da yaranmu shi ne yawancinsu da ido suka koyi sunayen nan, a littafi ko a fuskar waya, ba su taɓa jin su daga bakin wani ba, sai ranar ganawa ko kiran aiki da mutumin wata ƙasa. Shi ya sa yanzu a ajinmu, duk sunan da na rubuta a allo sai na faɗe shi ta kowace hanyar da ake faɗar sa, ɗalibai su maimaita da ƙarfi, sannan na goge na faɗa su kuma su rubuta. Ɗalibin nan nawa shi ne yake jagorantar wannan darasi ranar Asabar, kuma da SQL yake farawa.