Goge kukis ba ya korar wanda ya yi maka kutse

[Hoto: yatsa na gangarawa a shafin Facebook, sanarwa na bin sanarwa]

Kwanakin nan duk inda ka leƙa sai ka ci karo da magana iri ɗaya: "An yi min kutse, duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi da sunana ba ni ba ne." Mai shafin kuma yana ta rantsuwa cewa bai taɓa ba kowa kalmar sirrinsa ba. Kafin ka ce kwabo masu shawara sun cika wurin. Wannan ya ce laifin kukis ne, ka daina danna "na amince" in shafi ya tambaye ka. Wancan ya ce maza ka shiga burauza, wato manhajar buɗe shafuka irin su Chrome, ka goge kukis gaba ɗaya, shi ke nan ka kori ɓarawo.

Na farkon bai kamo bakin zaren ba. Na biyun kuwa, shawararsa ce ta sa muka haɗa wannan bidiyo, don tana sa mutum ya saki jiki alhali mai kutsen na nan daram a ciki.

[Hoto: zanen waya a hagu, saba a dama, kibiya na kai da komowa]

Bari mu ɗan yi sauri a nan. Duk lokacin da ka danna wani abu a shafi, burauzarka tana aika buƙata zuwa ga saba, wato babbar kwamfutar kamfanin, ita kuma ta amsa. Ƙa'idar da suke magana da ita, HTTP, an gina ta ne ba tare da riƙe tarihi ba. Saba ta ba ka hoto, ta manta da kai. Ka sake dannawa bayan daƙiƙa ɗaya, baƙo ne kai a wurinta.

A 1994 wani matashin injiniya a kamfanin Netscape na Amurka, Lou Montulli, ya samo mafita, saboda shafin sayar da kaya a intanet ya iya tuna abin da mai saye ya zuba a kwandonsa. Saba za ta ba burauza ɗan guntun rubutu, burauza ta adana, ta riƙa mayar mata da shi a kowace buƙata. Kuki ke nan. Ba manhaja ba ce, ba ya iya gudana, ba ya karanta hotunan wayarka. Rubutu ne da bai wuce kilobait 4 ba.

[Hoto: shafin shiga, ana rubuta kalmar sirri a hankali]

To, ga gaɓar da ake yawan kuskurewa. Ku gyara zama.

Sau nawa kake rubuta kalmar sirrinka? Sau ɗaya, ranar da ka shiga. Wataƙila wata shida ke nan rabonka da ita, wasu ma sun manta ta sarai. Amma kullum ka buɗe shafin yana gane ka. Da me yake gane ka?

Ka tuna katin asibiti. Ranar farko ce ake tambayarka suna da shekaru da unguwa, a buɗe maka fayil, a miƙo maka ɗan ƙaramin kati mai lamba. Daga ranar, kati kawai kake miƙawa ta taga. Fayil ɗinka yana can ciki a wurinsu, katin ba ya ɗauke da komai sai lambar da za a nemo shi da ita. Mai ɗauko fayil kuma lamba yake dubawa, ba fuska ba.

Haka shiga shafi take. Ka rubuta kalmar sirri, saba ta tabbatar daidai ce. In ka kunna matakin tsaro na biyu, ta turo maka lamba a waya, ka shigar. Daga nan sai ta ƙirƙiri wata doguwar lamba da ba a iya cankarta, ta rubuta a wurinta cewa mai wannan lamba wane ne, ta turo wa burauzarka a matsayin kuki. Aikin kalmar sirri ya ƙare a nan. Aikin lambar da aka turo maka a waya ma ya ƙare. Duk abin da za ka yi nan gaba, saƙo ne, sharhi ne, sauya hoto ne, wannan kukin ne ke tsaya maka.

[Hoto: allon kwamfuta, an danna F12, an buɗe jerin kukis]

Ga shi ku gani da idonku. Wannan Chrome ne a kwamfuta, mun shiga Facebook, mun danna F12. Dubi layin nan mai suna c_user: lambar asusun ce, ba wani sirri ba ne sosai. Na ƙasansa, xs, shi ne maganar. Mun lulluɓe namu da baƙi, kada wani mai kaifin ido ya tsayar da bidiyon ya kwafe, mu wayi gari muna roƙon ku kuɗin kati.

Wanda duk ya kwafi waɗannan layuka ya zuba a tasa burauzar, zai iya buɗe shafin ya tsinci kansa a ciki. Ba a tambaye shi kalmar sirri ba, ba a tura lamba ko'ina ba, domin a ganin saba an riga an wuce wannan matakin tun tuni. Manyan kamfanoni suna sa ido kan alamu, kamar kukin da aka saba gani daga Kano ya ɓullo kwatsam daga wata nahiya, su ce a sake tantancewa. Wani lokaci su kama, wani lokaci ya wuce. Manhajar waya ma haka take aiki, sai dai ita tana ajiye lambar a cikinta maimakon a burauza.

[Hoto: kanun labarai na 2023, tambarin YouTube]

Kada ka ɗauka sai wanda bai san kwamfuta ba abin ke samu. A watan Maris na 2023 aka ƙwace tashar Linus Tech Tips ta YouTube, tashar 'yan Kanada mai mabiya sama da miliyan 15, wadda sana'arta ke nan bayanin fasaha. Wani ma'aikacinsu ne ya buɗe fayil da ya zo a kamannin takardar tayin talla. Manhajar da ke ɓoye a ciki ta kwashe bayanan burauzarsa har da lambobin shiga. Aka sauya wa tashar suna zuwa Tesla, aka shiga watsa damfarar kirifto. Suna da kalmar sirri mai ƙarfi, suna da mataki na biyu, babu wanda ya taɓa ko ɗaya daga ciki.

Hanyoyin satar ba su da yawa: manhajar da aka fasa aka raba kyauta, ƙarin burauza na bogi (ƙaramar manhajar da ake ɗora wa burauza), fayil daga wanda ba ka sani ba. Sai kuma mafi arha duka, wadda ba ta buƙatar wata gwaninta.

[Hoto: shagon intanet, layin kwamfutoci, wani ya tashi wani ya zauna]

Ka je kafe cike fom ɗin JAMB ko duba sakamako, ka ɗan leƙa imel ɗinka don ɗauko wata lamba. Ka gama, ka danna alamar rufewa a kusurwa, ka biya, ka tafi. Taga ka rufe, ba fita ka yi ba. Kukin na nan kwance a kwamfutar, kuma Chrome yana barin kuki ya rayu har kwana 400 in shafin ya nemi haka. Na bayanka ya zauna, ya buɗe shafin, sai ga akwatin saƙonninka.

[Hoto: komawa zanen farko, yanzu wayoyi biyu ne ke riƙe da lamba ɗaya]

Yanzu a dawo kan shawarar goge kukis. An kwafi lambarka, tana hannun mutum biyu, kai da shi. Ka shiga burauzarka ka goge. Me ya faru? Katinka ka yaga. Nasa na aljihunsa, kuma a rajistar saba lambar tana nan da ranta. Kai ne ma za a ce ka sake shiga, shi ko gezau.

Abin da ke kashe lambar yana can wurin saba. In ka danna maɓallin fita na cikin shafin, saƙo ne kake aika mata cewa ta soke wannan lamba, duk mai riƙe da ita ya tashi a tutar babu. Shi ya sa Facebook da Google suke da wuri a sashen tsaro da ke jera maka duk na'urorin da asusunka ke buɗe a kansu, da gari, da lokaci. Ga shi a allo. Ka fitar da su duka, har wadda kake zaton taka ce, sannan ka sauya kalmar sirri. Ka duba imel da lambar wayar da ke jikin asusun ko an ƙara wata. In kuma manhajar satar tana kan kwamfutarka har yanzu, ita za ka fara cirewa, in ba haka ba sabon kukin ma bin na farko zai yi.

[Hoto: jerin ma'ajiyoyin burauza, ana haska su ɗaya bayan ɗaya]

Sauran ma'ajiyoyin a gurguje. Akwai localStorage, wajen megabait 5 ga kowane shafi, inda ake ajiye irin zaɓinka na baƙin allo ko rubutun da ba ka gama ba. Bambancinta da kuki shi ne burauza ba ta tura ta ga saba da kanta. Akwai sessionStorage, tana mutuwa da ka rufe tagar. Akwai IndexedDB mai ɗaukar kaya masu nauyi. Sai kash, kwafin hotuna da fayilolin shafi don kada ka sake ƙona data a kansu. Goge kash ba ya fitar da kai daga ko'ina.

Ga masu gina shafuka da ke kallo, ra'ayina ne, kuna iya musawa a ƙasa: ku daina jefa lambar shiga a localStorage don kawai ya fi sauƙi. Duk wani rubutun JavaScript da ya samu kutsawa shafinku zai karanta ta. Kuki mai alamar HttpOnly, wadda Microsoft ya shigo da ita tun 2002, JavaScript ba ya iya ganinsa.

[Hoto: akwatin neman amincewa ya rufe rabin allo]

Wannan akwatin mai cika ido kuma, daga dokokin Tarayyar Turai ya samo asali, ya ƙara yawa bayan dokarsu ta kare bayanan jama'a, GDPR, ta fara aiki a 2018. Yawanci izinin kukis na talla da ƙididdiga yake nema, irin waɗanda ke sa takalmin da ka duba jiya ya riƙa bin ka shafi shafi. Burauzojin Safari da Firefox sun daɗe da taka wa irinsu birki. A 2020 Google ya yi alkawarin cire su daga Chrome, ya yi ta ɗagawa, a 2024 ya fasa. Ni dai "ban amince ba" nake dannawa. Amma ko wanne ka zaɓa, bai shafi kukin shigarka ba, shi wannan ba a neman izininka a kansa, don in babu shi shafin ba zai yi aiki ba.

In dole ta sa ka shiga asusunka a kwamfutar da ba taka ba, buɗe tagar sirri, Ctrl da Shift da N a Chrome. Da ka rufe ta, kukis ɗinta sun tafi. Ba za ta kare ka daga manhajar leƙen asiri da ke kan kwamfutar ba, don haka duk da ita ka danna fita.

[Hoto: WhatsApp a waya, ɗigo uku na sama, jerin na'urorin da aka haɗa]

Masu WhatsApp a kwamfutar ofis ko ta kafe, ku ma mabuɗanku a ma'ajiyar burauzar suke zaune, kuma har na'ura huɗu ake iya haɗawa da waya ɗaya. Danna ɗigo ukun nan, shiga wurin na'urorin da aka haɗa. In ka ga wadda ba ka gane ba, taɓa ta, ka fitar da ita.