Turken Sabo

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron matasan ikilisiya a Zuru, Jihar Kebbi. Mai maganar tsohon mai bishara ne da ya huta da aiki. An cire waƙoƙi da sanarwar farko.

Salama a gare ku, yarana. Na gode wa shugabanninku da suka tuna da tsoho. Sun ce in yi magana a kan kiran Allah zuwa aikinsa, to bari mu fara.

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a hannu ko a waya, ya buɗe Littafin Ƙidaya, sura 11, ya duba aya 5. Isra'ilawa ne a jeji. Sun fito daga Masar, sun haye teku a kan busasshiyar ƙasa, da safe Allah yana saukar musu da abincin da ake kira manna. Sai ga su a ƙofar alfarwansu suna kuka, gida gida. Kukan me? Wai sun tuna kifin da suke ci a Masar kyauta, da kokwamba, da kankana, da albasa, da tafarnuwa. Ku duba jerin nan da kyau. Ba wanda ya ambaci bulalar shugabannin gandu. Ba wanda ya ambaci tubalin da aka sa su bugawa bayan an hana su ciyawar kwaɓi, balle jariransu maza da Fir'auna ya ce a zuba a kogin Nilu. Albasa suka tuna.

Da ina yaro a makarantar Lahadi nakan ce mutanen nan ba su da godiya. Yanzu na daina, don mu 'yan Kebbi mun san abin da suke nufi. Wanda ya tashi da miyar kifin Yauri, wanda ya san ƙamshin albasar Aliero idan ta faɗa cikin manja mai zafi, ka kai shi inda zai ci abu ɗaya safe da yamma, ka gani ko zuciyarsa ba za ta gudo gida ba. Kifi ba zunubi ba ne, albasa ma haka. Amma ku wuce zuwa sura 14, aya 4, za ku tarar har sun fara shawarar naɗa shugaban da zai mai da su gidan bauta.

Hausawa suka ce sabo turken wawa. A rubuce, ƙugiya ɗaya tak ta raba sabo da saɓo. Mu masu wa'azi mun daɗe muna yaƙi da saɓo, giya da zina da sata, kuma daidai ne a yi. Sai dai cikin shekarun da na yi a aikin nan, yawancin waɗanda na ga sun ji kira suka noƙe mutanen kirki ne: mawaƙa, malaman makarantar Lahadi, masu fitar da zakka ba fashi. Abin da ya riƙe su shi ne katifar da jiki ya saba da ita, da albashin ƙarshen wata, da unguwar da kowa ya san sunan ubansu. Kun taɓa kwance akuyar da ta shekara a turke? Igiya tana ƙasa, ƙofa a buɗe, amma za ku ga tana ta kewaya wurin nan da kofatonta ya cinye ciyawarsa.

Yawancinku 'ya'yan manoma ne, saboda haka zan daɗe a kan Elisha. Labarin yana 1 Sarakuna 19, daga aya 19. Annabi Iliya ya tarar da shi yana huɗa, shanu 24 biyu biyu suna gaba, shi yana riƙe da na ƙarshe. Ku da kuka san kuɗin bijimi ɗaya a kasuwa yau, ku yi lissafi. A ƙauyukanmu mai shanu biyu da garma babban mutum ne, layi ake bi a gidansa da farkon damina. Wannan kuwa gidansu ya ninka haka sau 12. Iliya ya zo wucewa ya yafa masa alkyabbarsa, bai ce uffan ba. Elisha ya saki garma ya bi shi da gudu, ya roƙi izinin ya je ya yi sallama da uwa da uba. Iliya bai hana shi ba. Ya koma, ya kama shanun nan biyu ya yanka, ya farfasa itacen karkiya da na garma ya hura wuta da su, ya dafa naman ya raba wa mutane suka ci. Sannan ya tashi ya bi Iliya.

Na sha tambayar kaina, me ya hana shi ba da ajiya? Da ni ne ko kai, ƙani za mu kira mu ce, riƙe mini shanun nan, ka jingine garmar a bayan rumbu, in abin bai yi ba ina dawowa. A ganina Elisha ya san zuciyarsa. Ya san ranar da yunwa ta kama shi a hanya, ko Iliya ya yi masa faɗa, garmar nan ta bayan rumbu za ta kira shi da sunansa. To wane babban matsayi ya tafi ya samu? A 2 Sarakuna 3, aya 11, da aka tashi gabatar da shi gaban sarakuna, cewa aka yi ga wanda yake zuba wa Iliya ruwa a hannu. Ɗan masu shanu 24 ya koma riƙon buta.

Shi ya sa da Ubangiji Yesu ya ce a Luka 9, aya 62, wanda ya kama garma yana waiwaye bai dace da Mulkin Allah ba, manoma ba su nemi fassara ba. Kai ma ka sani, ka waiga sau ɗaya, kunya ta karkace, kuma duk mai wucewa zai gani har kaka.

Kada wani ya ji tsoro ya ce ai ni na riga na waiwaya, tawa ta ƙare. Bitrus ya bar taru a bakin tekun Galili, ya bi Yesu shekaru, amma a Yahaya 21 sai ga shi yana cewa zan tafi kamun kifi. Ya kwana a ruwa bai kama ko ɗaya ba. Da gari ya waye Yesu bai zage shi ba. Wuta ya hura a gaɓa, ya gasa kifi, ya ce shi da sauran almajiran su zo su karya kumallo. Bayan an ci ne ya tambaye shi har sau uku ko yana ƙaunarsa, ya sake ce masa, bi ni.

Bari in ba ku nawa. A lokacin ni malamin firamare ne a cikin garin nan. Ciki da falo na haya, rufin kwano, keke, albashi ko ya yi jinkiri yakan zo. Mamanku, wato matata, ga ta can zaune, tana da keken ɗinki, gab da Kirsimeti da bikin Uhola ba ta barci don yawan aiki. Sai wani dattijo ya fara zuwa daga wani ƙauye can bayan Wasagu. Yakan zo ranar Lahadi, ya jira a tashi daga sujada, ya cire hula ya ce wa dattawan ikilisiya, mu masu bi ba mu kai goma ba, kuma ba mai iya karatu a cikinmu, ku ba mu wanda zai riƙa karanta mana Littafi. Kowa ya ce Allah ya ba ku mutum. Ni ma na ce amin. Rani uku yana zuwa. Tun zuwansa na farko na san ni ne, amma duk wanda ya taɓa ni da maganar sai in ce ina addu'a a kai. Yarana, ba addu'a nake yi ba, lissafi nake yi. Ina gaya muku haka ne don na san akwai masu wannan lissafin a ɗakin nan yau.

Da muka tashi tafiya, bayan na yi karatun Baibul a Tungan Magajiya, a akori-kura muka zuba kaya, keken ɗinki a ɗaure a sama. Inda hanya ta ƙare aka sauke mu, samari suka ɗora keken a ka suka haye rafi da shi. Daren farko aka yi ruwa. Jinkar ɗakin tana yoyo wuri uku, Mamanku ta tashi a duhu ta tara kwanoni, ta koma ta zauna a kan akwati ta rungume yaro. Ba ta ce mini komai ba har asuba, kuma shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Da safe matan ƙauyen suka shigo, wata da ƙwaryar kunu, wata da tsintsiya, wata da dammin itace. Kafin shekara ta kewayo tana yi musu ɗinki ana biyanta da mudun dawa, kuma a gindin keken nan mata da yawa suka fara jin bishara, tun kafin su yarda su tako ɗakin sujada.

A Markus 10, aya 29 da 30, Yesu ya yi alkawarin wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko gonaki saboda shi da bishara zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani. Na shaida, ina da gidajen da zan kwana a ƙauyuka fiye da yadda zan ƙirga. Amma ku karanta ayar har ƙarshe, ya ce tare da tsanani. Na taɓa goya ɗana a keke cikin dare, jikinsa kamar garwashi, ina neman ɗakin magani, ina tuna cewa da a Zuru muke da tafiyar minti goma ce. Duk wanda ya gaya muku kira hanyar jif da babban gida ce, ku tambaye shi inda ya kai wannan rabin ayar.

To me yake sa mutum ya jure? Mu a ƙasar nan mun san golmo. Saurayi ya shekara 7 yana noma a gonar suruki, rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, ba a biyansa ko kwabo, kuma da waƙa yake zuwa. In ba don yarinyar ba, wa zai yi ko kwana 7? Haka Farawa 29, aya 20 ta ce game da Yakubu, ya yi wa Laban bauta shekara 7 saboda Rahila, suka zama masa kamar 'yan kwanaki don ƙaunar da yake mata. Wanda ya bar jin daɗinsa don tsoron fasto, ko don a tafa masa a taro, ba zai kai damina biyu ba.

Bisharar ma da ta iso mu, a kan irin wannan ta iso. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, sunan da ake kiran yankin da ya haɗa da arewacin Najeriya a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, ba wanda ya kai shekara 30. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Sai a 1902 aikin ya kafu a Patigi, kuma daga wannan tushen ikilisiyar ECWA ta fito. Mu nan, 'yan mishan na ƙungiyar UMS (United Missionary Society) ne suka shigo ƙasar Zuru kusan shekara 100 da suka wuce. Amma wanda ya kai Littafi ƙauye ƙauye, bayan an gama fassara shi da Hausa a 1932, yawanci namu ne, masu bishara baƙaƙen fata da suka tafi da ƙafa, suna noma da safe suna koyar da karatu da yamma. Da yawansu ko hotonsu ba mu da shi.

Yanzu gargaɗi, kuma ku saurara. Mai gudun bashi ba kira ya ji ba. Wanda noma ya gundura, ko ya rasa aikin gwamnati ya ce bari in shiga aikin Allah, shi ma ya sake tunani. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, kuma Yesu da kansa ya tsawata wa masu cewa abin da za su taimaki iyaye da shi sun keɓe wa Allah. Ka zauna da matarka, ki zauna da mijinki, ku je wurin dattawan ikilisiya su auna ku. Batun tsaro kuma ba na wasa ba ne. Kun san abin da ya faru a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan Yuni na 2021, da aka sace ɗalibai, kun san halin da ƙauyukan Danko-Wasagu da Sakaba suka shiga a hannun 'yan bindiga. Ba na ce wa kowa ya kai wuyansa ga wuƙa ba. Matiyu 10, aya 23 ta ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani.

Kuma ba kowa ne za a kira ya ɗaure kaya ba. Mutanen ƙauyukan nan da aka kora sun bar rumbunansu ba da zaɓinsu ba, ga su nan cikinmu, wasu goma a ɗaki ɗaya. Ƙila kai turkenka ɗakin baƙin nan ne da yake kulle shekara da shekaru. Ƙila ke, malamar asibiti, takardar da kike bi ofis ofis don kada a tura ki ƙauye ita ce garmarki ta bayan rumbu. Ni ban san naka ba, kai ka sani, don tun da na fara magana zuciyarka take zuwa wurin tana dawowa.

Saura abu ɗaya da ban cika faɗa a taro ba. Ni ne ɗan fari, mahaifinmu ya rasu da wuri, da albashina ake saya wa Inna taki. Ranar da na gaya mata zan ajiye aiki, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Ba ta ɗago ba. Ta ce, to wa ka bar ni wa? Ba ni da amsa ranar. Na je na karanta Yahaya 19, inda Yesu yana kan gicciye ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajirinsa, na kira ƙanena da kawunmu muka zauna, ƙanena ya ɗauki gonar, ni kuma duk kaka ina aiko da abin da ya samu na dawa. Duk da haka shekara biyar ba ta tako inda muke ba.

Wani rani sai ga ta a bayan babur, da ƙulli a gefen zane, daddawa da albasa. Ranar Lahadi ta zauna can baya a ɗakin sujadarmu na laka, ba ta yi waƙa ba, ba ta fita ba. Da aka tashi ta kira ni, ta kama hannuwana biyu ta juya, ta daɗe tana duban kantar da fartanya ta yi mini. Ta ce, alli bai yi maka haka ba. Sannan ta juya wurin Mamanku ta ce, 'yata, miƙo wuƙa in yanka miki albasa. Kwana tara ta yi mana. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce ta yarda ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Bayan shekara biyu, tsakiyar damina, saƙo ya zo cewa ba ta da lafiya. Rafi ya cika, na kwana biyu a gaɓa ina jiran ruwa ya janye. Ko da na iso Zuru an riga an rufe ta. Ƙanena ne ya kama hannuna ya kai ni ya nuna mini kabarin.