Wasa a Ɗakin Tiyata, Amma Ba da Ran Mara Lafiya Ba

A shekarar 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda mai tambayoyi 19 don ma'aikatan tiyata. Ana bin ta sau uku: kafin a sa mara lafiya barci, kafin a ɗora wuƙa, da kafin a fita da shi daga ɗakin. Da aka gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, mace-mace suka ragu daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari.

Sai dai da aka wajabta ta a lardin Ontario na Kanada, binciken da ya fito a 2014 bai ga wani canji na a zo a gani ba. Takarda ai ba ta aiki da kanta. In mutum ya saba da ita, ido rufe zai cike ta.

Shi ya sa wasu asibitoci suka koma horarwa ta hanyar wasa.

Dubi wannan ɗakin. Mutum-mutumi ne kwance a gadon, an kuma dasa kurakurai da gangan. Sunan da ke ɗaure a hannunsa daban, na cikin fayil daban. An zana alama a ƙafar hagu, takardar izini kuwa dama ta ce. Audugar da aka ƙirga, ɗaya ta ɓace. Sifirit ɗin da aka goge fata da shi bai bushe ba, ga na'urar tsayar da jini mai aiki da lantarki, ga iskar oksijin. Waɗannan ukun in suka haɗu, gobara ce. Sai a turo ma'aikata rukuni-rukuni, a ba su 'yan mintoci: wa zai fi gano kuskure?

Ga inda abin ke da daɗi. A tiyata ta gaske, ƙaramar nas kan ga matsala ta haɗiye maganarta, don kwarjinin babban likita. A wasa kuwa, dole ta buɗe baki, in ba haka ba rukuninsu ya sha kaye. Shi ma likitan kunnensa ya saba da jin "dakata" daga na ƙasa da shi.

Maki da kyauta na jawo mutane, amma kada su cinye lokacin. Da an gama, a zauna a bi kurakuran ɗaya bayan ɗaya, musamman wanda kowa ya wuce bai gani ba, a tambayi dalili.