Gattaca: fim ɗin da aka maida ƙaddara takardar gwajin jini

Jama'a barkanmu da warhaka. Fim ɗin da zamu zauna akai yau babu dodo a cikinsa, babu harbe-harbe, babu wasu halittu da suka sauko daga sama zasu cinye duniya, kuma ina ga shiyasa ma bai yi kasuwa ba lokacin da ya fito. Sunansa Gattaca, ya fito 1997, Andrew Niccol ɗan ƙasar Niyu Zilan ne ya rubuta kuma ya bada umarni, shine fim ɗinsa na farko a matsayin darakta. An kashe wajen dala miliyan 36, abinda ya dawo daga sinimomin Amurka miliyan 12 ne da ɗoriya, toh shekarar Men in Black da Titanic ce, wa zai biya kuɗi ya je ya kalli mutane sanye da kwat suna bada fitsari a kwalba. Tun yanzu in faɗa muku zan fasa ƙwai har ƙarshen labarin, wanda bai kalla ba ya tsaya anan ya je ya nemo.

Kafin ka ga fuskar kowa rubutu biyu ne ke fitowa a baƙin allo. Na farko daga Littafin Mai-Wa'azi ne, sura 7 aya 13, makwabtanmu Kirista na nan Jos sun san wurin, ma'anarsa ka dubi aikin Allah, wa ya isa ya miƙe abinda Ya tanƙwara. Na biyu maganar wani likitan ƙwaƙwalwa ce Ba'amurke, Willard Gaylin, yana cewa ɗan Adam zai taɓa halitta kam, kuma a ganinsa ita halittar ma so take a taɓa ta. Kaga tun daga minti na farko daraktan ya gaya maka a inda rigimar take.

Labarin na Vincent Freeman ne, Ethan Hawke ya fito a matsayinsa. A duniyarsu masu hali basa barin ciki ya shiga haka kawai, asibiti ake zuwa a haɗa ƙwai da yawa a zaɓi wanda yafi, a cire masa gajeren gani da sanƙo da ƙiba da saurin fushi. Shi Vincent iyayensa basu yi haka ba, yadda aka haife ni da ku haka aka haife shi, har kamara ta nuna carbin Katolika a hannun uwar tana naƙuda. Irinsu ana ce musu 'ya'yan Allah, kuma ba yabo bane, baƙar magana ce. Ku riƙe wannan. Duniyar da aka kai matakin da in ance maka ɗan Allah toh zagi ne.

Yana faɗowa nas ta tsaga dunduniyarsa ta ɗiga jinin a na'ura, ko wanka ba'a yi masa ba takarda ta fito, tana karantowa da murya kamar mai karanta bil ɗin wuta. Yiwuwar ciwon zuciya kashi 99 cikin 100. Tsawon rai shekara 30.2. Uban yana tsaye yana ji, uwar tace a sa masa Anton sunan babansa, uban yace a'a, Vincent dai. Ya ajiye sunan sai da suka je suka zaɓo ƙanensa a asibiti, shi aka ba. Wallahi wannan wurin yafi min duk wani kisa da aka yi a fim ɗin ciwo, jariri ko kuka bai gama ba uba ya riga ya cire rai da shi.

Duk wanda ya zauna a islamiyya ya haddace Arba'una Hadis ya san hadisi na huɗu, na Abdullahi ɗan Mas'ud, wanda yake cewa ana aiko mala'ika ga ɗan tayi ya busa masa rai a umarce shi da rubuta abu huɗu, arzikinsa, ajalinsa, aikinsa, da ko ɗan wuta ne ko ɗan aljanna. Yanzu ku dubi takardar nas ɗin nan. Ajali na ciki, 30.2. Aiki na ciki, don uban da bakinsa ya gaya masa cewa ba zai taɓa ganin cikin kumbo ba sai dai in shara zai yi a ciki, kuma goge-gogen ya ƙare yana yi a Gattaca, kamfanin harba kumbo zuwa sararin samaniya, inda shi Vincent yake mafarkin zuwa. Arziki na ciki, don ko makarantar yara ta ƙi karɓarsa wai inshora bazata ɗauki nauyinsa ba. Mai tsira da halakakke ma suna ciki, na'ura tana raba mutane gida biyu, ingantacce da mara inganci. Mutanen fim ɗin suna ganin sun waye sun bar addini a baya, amma ni abinda na gani sunfi kowa imani da ƙaddara, kawai dai sun ɗauke ta daga Lauhul Mahfuz sun kaita ɗakin gwaji. Jabariyya ne na gaske, masu cewa mutum bashi da zaɓi ko ƙanƙani, sai dai nasu jabarin yana sanye da farar riga.

Kuma akwai bambanci babba da su suka manta. Mu a wurinmu an rubuta, eh, amma an rufe littafin, ba'a baka ka karanta ba. Ƙarshen Suratu Luƙman yana cewa babu ran da ya san abinda zai aikata gobe kuma babu ran da ya san a ƙasar da zai mutu. Da sahabbai suka tambayi Manzon Allah SAW ko su dogara da abinda aka rubuta su bar aiki, cewa yayi ku yi aiki, kowa ana sauƙaƙe masa abinda aka halicce shi dominsa. Rashin sanin nan shi yake sa manomi ya fita gona, shi yake sa ɗan Unijos ya sake zama jarabawar da ya faɗi. Su kuma suna da takarda a hannu, kuma takardar bata ce zai yi ba, cewa tayi mai yiwuwa ne. Kashi 99 ba 100 bane. Su suka cike ɗayan da hannunsu, suka hana shi makaranta suka hana shi aiki, sannan suka juyo suka ce kun gani ko, dama na'ura ta faɗa.

Sai Vincent ya sayi jinin wani don ya shiga aikin kumbo a Gattaca da sunan mai jinin. Jerome Morrow, Jude Law, zakaran ninƙaya wanda aka ƙera shi babu aibi ko ɗaya amma yanzu yana kan keken guragu. Jerome yana bada jini da fitsari da gashi, Vincent yana biyan haya da kuɗin giya. Nan fim ɗin ya nuna aiki kusa-kusa har sai jikinka yayi yar. Kullum da asuba Vincent zai shiga wani ɗan tanderu ya kankare fatarsa da gashin jikinsa ya cinna wuta ya ƙone, ya manna 'yar jakar jinin Jerome a kan yatsa don ƙofar ofis tana tsira yatsa kafin ta buɗe, ya ɗaura jakar fitsari a cinya, in ya gama aiki ya zuƙe datti daga kibod ɗinsa ya barbaɗa na Jerome. Har ƙafafunsa aka yanka aka ƙara masa tsawo. Ranar intabiyu kuwa fitsari kawai ya bayar likita yace an ɗauke ka, yace ina intabiyun, akace ai shine wannan.

Wannan tunanin fa ba sabo bane. Wanda ya fara kawo hujjar abinda aka yi ni da shi yafi abinda aka yi shi da shi Iblis ne, yace ni nafi shi, Ka halicce ni da wuta Ka halicce shi da yumɓu. Bai kawo aiki ba, sinadari ya kawo. Kuma kafin mu nuna Turawa da yatsa mu duba gida. Yaro ya zo neman aure, yana da sana'a yana da hali, sai kaji dattawa sun tafi binciken asali, a dawo ace ai gidan mahauta ne, ko wanzamai ne, ko kakansa bawa ne, maganar ta mutu. Mu 'yan Jos kuma bama buƙatar a fassara mana, mun san abinda takardar shaidar ɗan asalin ƙasa take yi, mutum an haife shi anan an haifi babansa anan amma takarda ɗaya ce zata ce ko zai samu gurbin karatu ko aikin gwamnati. A fim ɗin doka ta hana nuna bambancin jini, kowa ya sani, babu mai bi. Mu ma sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda inda ya fito ko yanayin haihuwarsa. Na bar maganar anan.

Toh amma kar wani ya ɗauki bidiyon nan ya kai wa budurwarsa yace kin ji, gwajin jinotayif shirme ne mu dogara ga Allah. A'a malam. Najeriya ce tafi kowace ƙasa yawan masu sikila a duniya, kuma AS in ya auri AS kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu na yaron ya zo SS, duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaron da ciwon ya tasar wa yana ihu ƙashinsa kamar ana sara ba zai yi wasa da wannan ba. Jihar Kano ma a 2024 ta maida gwajin kafin aure doka. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da mutane, Abu Ubaida yace gudun ƙaddarar Allah zaka yi, yace eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sanin abinda ke jininka don ka ɗau mataki sababi ne. Inda aka ɓata shine a karɓi sakamakon daga hannunka a maida shi farashinka, kamfani ya gani ya ƙi ɗaukarka, dangin miji su ji su ce a fasa ko da shi AA ne.

Ni dai mutumin da yafi tsaya min a rai ba Vincent bane, Jerome ne. An ƙera shi don ya zo na ɗaya, sai ya zo na biyu, lambar azurfa, kuma daga baya ya gaya wa Vincent cewa ba hatsari bane, da hankalinsa ya shiga gaban mota. Ku yi tunani. Wanda yasan rabo daga Allah ne in ya faɗi yana da inda zai ajiye kayan, yace haka Allah Ya so ya tashi ya kakkaɓe riga. Jerome bashi da wannan, an riga an bashi komai tun a ƙwai, in ya gaza babu wanda zai ɗora wa sai kansa. Imani da ƙaddara da wasu suke kira kasala, anan ne zaka ga rahamar da ke cikinsa. Sannan ga Darakta Josef na kamfanin Gattaca, marubuci Gore Vidal ne ya fito a rol ɗin, wanda yake bugun ƙirji cewa a duba jininsa babu ɗigon tashin hankali, ƙarshe shi ya fasa kan abokin aikinsa da kibod don kar a soke tafiyar kumbo zuwa Titan, wani wata na duniyar Saturn. 'Yan sanda kuma suna can suna farautar mai gashin ido ɗaya da aka tsinta, wato Vincent, don kawai na'ura tace mara inganci ne.

Akwai wurin da kowa yake yankowa ya saka a status, gasar ninƙaya da ƙanensa Anton cikin dare a teku, Anton ya gaji yace ya akayi kake yin haka, Vincent yace shi bai taɓa rage ƙarfin dawowa ba. Yana da daɗin ji, amma anan ni da fim ɗin muka ɗan rabu. Wannan ba tawakkali bane, tawakkali ai sai ka ɗaure raƙumi. Kuma zuciyar Vincent da gaske tana da matsala, mun gani da idonmu, bugun zuciyar Jerome da aka naɗa yake sakawa a wurin motsa jiki, yana fita ya zube a ɗakin canja kaya yana haki. Mutumin nan shine zai ja ragamar hanyar kumbo tafiyar shekara guda da wasu mutane a ciki waɗanda basu san komai ba. In ta tsaya a can fa? Fim ɗin bai tambaya ba. Haka ƙarshen Jerome, ya shiga tanderun nan ya rataya lambarsa ya cinna wa kansa wuta, aka haɗa da tashin kumbo da kiɗan Michael Nyman mai ratsa jiki har abin ya zama kamar wata sadaukarwa. Kisan kai ne, kuma Musulmi da Kirista duk mun san matsayinsa, kyan hoto baya canja shi.

Abinda ya kuɓutar da Vincent a ƙarshe ma ba ƙoƙarinsa bane. Gwajin fitsari na bazata a bakin kumbo, bai zo da na Jerome ba, na'ura ta tona shi, sai Dokta Lamar, likitan kamfanin, yace dama tun tuni ya sani, yana da ɗa shima wanda bai zo yadda aka yi musu alkawari ba, ya danna ya canja sakamakon yace yi sauri kar jirgi ya barka. Tausayin mutum ɗaya ne, abinda babu na'urar da ta auna. Amma shi kaɗai ya wuce, tsoho Caesar shugaban masu shara da sauran masu goge-goge suna nan inda suke, tsarin ko gezau.

A 1997 duk wannan almara ce, ko karanta taswirar ƙwayoyin halittar ɗan Adam ba'a gama ba sai 2003. A 2008 Amurka tayi dokar hana kamfanonin inshorar lafiya da masu ɗaukar aiki amfani da sakamakon irin wannan gwaji. A 2018 wani masanin kimiyya a Chaina, He Jiankui, ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya taɓa musu ƙwayoyin halitta tun suna ƙwai, kotu ta ɗaure shi shekara uku. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka amince da shi na fasahar CRISPR, ta gyaran ƙwayoyin halitta, kuma kun san ciwon da yake magancewa? Sikila, ciwonmu. Kuɗin da aka sa masa a Amurka a 2023 dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya, ku buga a naira ku gani, sannan ku lissafa gida nawa ne daga Gangare zuwa Rayfield zasu iya biya.